KUTUTTUREN KIRYA: Tarihin Baƙin Da Suka Zo Gyara Mana Ƙasar Noma A Funtuwa

Waɗanda suka saba karanta littattafaina za su yi mamakin ganina yau da zancen ƙasa da ruwa da itace, maimakon labarin kishiya da uwar miji. Ku yi mini uzuri, ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne rabon gadon mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, inda gonarsa ta kan hanyar Bakori ta faɗo a kasona ni da ƙanena.

Ranar da muka je zagaya iyakarta tare da Baffanmu, sai na yi tuntuɓe da wani baƙin kututture a tsakiyar gonar, har sai da babban yatsana ya fashe. Baffa ya dube ni ya yi dariya, ya ce, “Ɗan nan, gadonka ne ya gaishe ka. Kirya ce wannan, ita kaɗai gara ta kasa ci. Lokacin da muke yara ɗorawa bakwai ce a gonar nan, ga kaɗanya, ga tsamiya. Babanku da hannunsa ya sa aka sare su, don tarakta ta sami hanya.”

Na ce, “Baffa, shi da yake son gonar nan kamar ransa?”

Ya ce, “Don yana son ta ya yi. A lokacin abin da aka ɗauka ci gaba ke nan.”

Wannan magana ta hana ni barci. Na shiga tambayar dattawa, na shiga karance-karance, sai na tarar ashe gonar nan tamu ta fi shekara ɗari tana karɓar baƙi daga ƙasashen duniya, kowa da dabararsa. Wasu sun zo neman abin da za su kwasa, wasu sun zo da niyyar taimako, wasu kuma sun zauna a manyan birane sun sa hannu a takardu kan ruwan da ke gangarawa daga bayan gidajenmu. Tarihinsu nake so mu waiwaya tare, domin waiwaye adon tafiya ne.

KATSINAR LAKA

Kafin mu je ga baƙi, bari mu san gidan da suka sauka. Yankin Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Faskari da Ɗandume shi ne magabata suke kira Katsinar Laka, saboda ƙasarsa mai danƙo ce, ba rairayi irin na Daura ko Jibiya ba, kuma damina ta fi daɗewa a nan. Wani abin da da yawanmu ba mu lura da shi ba shi ne, a kan tudu muke zaune. Gulbin Sakkwato daga kusa da Funtuwa ya faro. Ruwan da ya sauka a gonakinmu shi ne zai bi ta Gusau, ya shiga dam ɗin Bakolori kusa da Talatar Mafara, ya haɗu da Gulbin Rima a Sakkwato, daga nan ya faɗa Kogin Kwara. Gulbin Ƙaraduwa kuwa, wanda ake kiran yankinmu da sunansa, shi ke cika dam ɗin Zobe kusa da Dutsin-ma. Ke nan abin da muka yi wa ƙasarmu a nan, wani yana can nesa yana sha a ƙoƙonsa.

Kakanninmu suna da nasu tsarin na riƙon ƙasa. In gona ta gaji a bar ta ta zama saura, ta huta shekaru. Da kaka a gayyato Fulani su sauka da shanunsu a gona, su ci kara da harawa, su bar taki, manomi ya ba su damin dawa. Ana haɗa dawa da gero da wake a kunya ɗaya. Ɗorawa da kaɗanya da kuka ba a taɓa su ko da ana sassabe, domin daddawa da man kaɗe da miya daga jikinsu suke. Ba wanda ya kira wannan da wani babban suna, amma da shi ƙasar ta riƙe jama'a ɗaruruwan shekaru.

BAƘON FARKO: AUDUGA

A shekarar 1902 masu masaƙun Lankasha ta Ingila suka kafa wata ƙungiya a birnin Mancesta mai suna BCGA, don neman inda za a noma musu auduga a ƙasashen da suka mallaka, saboda sun gaji da dogaro da ta Amurka. Shekara ɗaya bayan haka, a 1903, Turawa suka shiga Katsina. Ba su tarar da mu jahilan auduga ba, domin ƙasar Maska ta daɗe da noma ta da saƙa da rini. Sai dai irin tamu gajeren zare gare ta, injinansu kuma dogo suke so. Don haka a 1912 aka shigo da irin Amurka mai suna Allen, aka riƙa raba anguryarsa ga manoma.

A shekarun 1920 abin ya kankama. Aka buɗe gonar yaɗa iri a Daudawa, aka kafa gidajen gurza a Funtuwa da Malumfashi, aka shimfiɗa layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Wannan jirgi da wannan gurza su suka mai da Funtuwa gari, har ta shafe tsohuwar Maska. Har gobe in ka ce wa ɗan acaɓa ya kai ka Bisije ya san inda kake nufi, ko da bai san sunan kamfanin Mancesta ne yake faɗa ba.

Wannan baƙo dai ba don ƙasarmu ta ɗore ya zo ba. Haraji aka ɗora da kuɗi, hanyar samun kuɗin kuma ita ce kai auduga fuloti, inda malami zai duba ya yanke mata daraja, a biya farashin da ba manomi ya sa ba. Duk da haka sun kawo wasu dokoki da suke da ma'ana, kamar tilasta tuge karan auduga a ƙone bayan an gama tsinka, don kada tsutsa ta kwana a ciki ta jira baɗi. A 1928 kuma aka fara koya wa manoman Arewa huɗa da garmar shanu, da nufin mutum ya riƙe bijimai biyu, su yi masa aiki su ba shi taki. Dabara ce mai kyau, kuma ta zauna, don har yau da ita muke noma. Amma tana da sharaɗi guda: garma ba ta shiri da kututture. Duk wanda zai huɗa da shanu sai ya tone saiwoyin da ke gonarsa. Mai karatu, ka riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

TSORON HAMADA

A 1934 wani Baturen Ingila masanin gandun daji mai suna Stebbing ya ratsa ƙasar Hausa da rani. Ya ga ƙura da busassun itatuwa, hankalinsa ya tashi. Da ya koma gida, a 1935 ya shelanta cewa Sahara na tahowa kudu da gudun kusan kilomita ɗaya a kowace shekara, ya ba da shawarar a kafa wani dogon shingen itatuwa don a tare ta. Maganar ta yi ƙarfi har gwamnatocin Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa na ma'aikatan daji, wanda ya zagaya arewacin Nijeriya da kudancin Nijar daga ƙarshen 1936 zuwa farkon 1937. A cikinsu akwai Bafaranshen nan Aubréville, wanda daga baya ya yi suna a wannan fanni.

A nawa karatun, wannan shi ne karon farko da hukumomin ɓangarorin iyakar nan biyu suka zauna don duba lafiyar ƙasar Hausa a matsayin ƙasa ɗaya. Abin da suka gano kuma ya saɓa wa Stebbing. Ba su ga wata rundunar rairayi da ke tahowa daga arewa ba. Abin da suka gani shi ne ɓarnar da ake yi a wuri: yawan sassabe, ƙunar daji, da rashin barin gona ta huta yayin da jama'a ke ƙaruwa. Wato hamada ba tattaki take yi ta zo maka ba, a ƙarƙashin gatarinka ake haifar ta. Sai dai Yaƙin Duniya na Biyu ya taso a 1939, rahoton ya kwanta a cikin kabad. Shingen Stebbing kuwa, wanda kwamitin bai gamsu da shi ba, shi ne ya dawo bayan shekara 70 da sabon suna.

ZUWAN BANKIN DUNIYA

Duk dattijon da ka tambaya zai ba ka labarin farin 1973, lokacin da mutanen arewa da na Nijar suka riƙa kwararowa kudu da 'yan ƙullin kayansu, shanu na faɗuwa a kan hanya. A watan Satumba na wannan shekarar ne shugaban Bankin Duniya na lokacin, Robert McNamara, ya yi wani jawabi a Nairobi inda ya ce bankin zai juya akalarsa zuwa ga ƙananan manoma. Nijeriya kuma ga kuɗin fetur sun fara shigowa. Aka zaɓi wurare uku don gwaji: Funtuwa da Gusau da Gombe. Aikin Funtuwa ya gudana daga 1975 zuwa 1980, da rancen dala miliyan 29 daga bankin, ban da kason gwamnati. Ya game gundumomin Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari, waɗanda a lokacin suke cikin Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta koma Jihar Kaduna a 1976.

Gaskiya ɗaya ce, aikin ya canza fuskar yankin nan. An fasa hanyoyin ƙauye, an tare ƙananan dam-dam, an gina cibiyoyin sayar da taki da iri da magani kusa da manoma, an baza malaman gona a kan babura. Baffa ya ce da igiya mai ƙulli suke zuwa su nuna yadda ake shuka a layi, da yawan takin da za a zuba a gindin kowace shuka. Babban abin da ya bari shi ne masara. Da can masara abin bayan gida ce, a gasa a ci da damina. Da aka kawo ingantaccen iri daga cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, tare da haɗin gwiwar cibiyar Samaru, ga kuma takin zamani da gwamnati ke ɗauke da kashi uku cikin huɗu na kuɗinsa ko fiye, sai masara ta mamaye gonaki. Kasuwannin Ɗandume da Bakori suka zama inda tireloli ke layi. Mutane suka yi kwanon rufi, suka sai babura, suka je Makka. Wanda duk ya ce ba a amfana ba bai yi adalci ba.

Sai dai tun aikin na gudana wasu malaman Jami'ar Ahmadu Bello suka riƙa jan hankali. Sun nuna cewa an kasa manoma kashi-kashi, akwai manya, akwai waɗanda aka kira masu ci gaba, akwai na gargajiya, kuma kulawar malaman gona da bashi sun fi karkata ga na sama, alhali da sunan talaka aka ciyo rancen. 'Yan kasuwa da manyan ma'aikata suka shigo sayen gonaki. Abu na biyu, wanda ya fi damuna, shi ne an koya wa ƙasa cin abinci daga buhu. Masara ba ta da kunya wajen ci, ga shi an daina barin saura, an rage haɗa ta da wake, an kwashe kara an kai gida, itatuwan da ke zubar da ganye kuma an kawar da su don injin ya wuce. A wannan zamani ne mahaifinmu, kamar dubban 'yan'uwansa, ya ga ɗorawa ta zama mai cin fili.

Cin bashi da daɗi, ranar biya ake jin jiki. Farashin fetur ya faɗi, a 1986 gwamnatin Babangida ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu, ta rushe hukumomin sayen amfanin gona har da ta auduga. Tallafin taki ya riƙa ja da baya har aka cire shi gaba ɗaya a 1997, kafin a dawo da wani abu daga baya. Manomi ya waiwaya ya ga ƙasar ba ta amsawa sai da kamfa da yuriya, ga ƙuduji ya yi ja a gona, wanda kowa ya san alamar gajiyar ƙasa ce. A taron shugabannin Afirka kan taki da aka yi a Abuja a 2006, an yi alkawarin ɗaga yawan takin da ake zubawa daga kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta kafin 2015, wa'adin ya wuce ba a kai ba. A ƙarshen 2016 Nijeriya ta ƙulla yarjejeniya da Maroko kan sinadarin haɗa taki, buhu ya sauko naira 5,500 na ɗan lokaci. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, sai ga manomin Tsiga yana biyan kuɗin faɗan da bai san mafarinsa ba. Wannan shi ne halin wanda ƙarfin gonarsa ke zuwa a jirgin ruwa.

RUWA BAI SAN IYAKA BA

Yanzu mu koma ga ruwa. Tun ƙasashenmu na jarirai shugabanni suka gane cewa kogi ba ya tsayawa a shingen kwastan. A 1964 aka kafa hukumar Kogin Kwara, wadda aka sake wa fasali a garin Farana na ƙasar Gini a 1980. Ƙasashe tara ne a cikinta: Gini, Mali, Nijar, Binin, Nijeriya, Burkina Faso, Kodebuwa, Kamaru da Cadi, hedkwatarta kuma a Yamai. A 2008 suka amince da kundin ƙa'idojin amfani da ruwan, wanda ginshiƙinsa shi ne kada wata ƙasa ta yi wani babban aiki a kan kogin ba tare da sanar da sauran ba. Tunda ruwan Funtuwa a Kwara yake ƙarewa, mu ma muna cikin wannan lissafi ko mun sani ko ba mu sani ba.

Tsakanin Nijeriya da Nijar kuwa, a watan Maris na 1971, zamanin Janar Gowon da Diori Hamani, aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu a Yamai. Ƙarƙashinta ne aka sa hannu a yarjejeniyar Maiduguri ranar 18 ga Yuli, 1990, kan rabon ruwan gulabe huɗu da suka ratsa iyaka: Maggiya da Lamiɗo, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El-Fadama, sai ƙarshen Komadugu Yobe. Wanda ya fi shafar mu Katsinawa shi ne Gada. Wannan gulbi a ƙasar Katsina ya tashi, ya bi ta Jibiya ya shiga Nijar, inda ake kiransa Gulbin Maraɗi, ya shayar da fadamun Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri, sannan ya karkato ya dawo Nijeriya ya shiga Rima. Ka ga a nan ba wanda zai yi wa wani gori: a farkon gulbin mu ne a sama, a ƙarshensa mu ne a ƙasa. Da aka tare shi da dam a Jibiya, manoman fadamar Maraɗi, waɗanda jikokin Katsinawa ne da suka yi hijira bayan jihadi, suka ga ambaliyar da ke jiƙa musu ƙasa ta ragu. Irin wannan ta faru a cikin gida ma, domin bayan kammala Bakolori a 1978 fadamun da ke ƙasa da dam ɗin sun rasa ruwan da suka saba samu, rikicin diyyar gonaki kuma ya kai ga zubar da jinin manoma a watan Afrilu na 1980.

Haka zancen kiwo. A 1998 ƙungiyar ECOWAS ta fitar da ƙa'idar ƙetare iyaka da dabbobi, da takardar shaida da makiyayi zai riƙe. A 2017 Jihar Katsina da Jihar Maraɗi suka sa hannu a tasu yarjejeniyar kan burtali da mashaya da satar shanu. Takardu masu kyau ne, amma a ƙasa an nome burtali, dazuzzukan Rugu da Kogo sun zama maɓoyar 'yan bindiga, ta kai manomin Faskari ko Sabuwa ba ya shiga gonarsa da kwanciyar hankali. Sannan aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli, 2023, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarki, ba a buɗe ba sai a Maris 2024, Nijar kuma ta kammala ficewa daga ECOWAS a Janairu 2025. Shugabanni sun yi fushi da juna, amma Gada bai fasa gangarawa Maraɗi ba, shanu ma ba su fasa neman ciyawa ba.

DARASI DAGA MARAƊI

Abin da ya fi ba ni mamaki a duk binciken nan daga Maraɗi ya fito. Bayan farin 1973 an kashe maƙudan kuɗin agaji wajen dashen itatuwa a Nijar, amma mafi yawansu suka mutu, wasu rani ya kashe, wasu awaki suka cinye. Wani ma'aikacin mishan ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo yana cikin masu wannan wahala. A 1983, yana kan hanya da kayan dashe a mota, sai ya tsaya ya duba wani ɗan tsiro da ake ɗauka ciyawa ce. Ya ga ashe toho ne daga kututturen bishiyar da aka sare tuntuni, saiwarta na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Kowace shekara tana tohowa, kowace shekara manomi na sassabe ta.

Dabarar da ta fito daga nan ita ce mutanen Nijar ke kira sassaben zamani. In ka zo sharar gona, maimakon ka share kalgo ko sabara ko gawo ƙarƙaf, sai ka zaɓi reshe biyu zuwa biyar masu ƙarfi a kan kututturen ka bari, ka datse sauran. Tunda saiwar tsohuwa ce mai zurfi, ba ta buƙatar ban ruwa, cikin 'yan shekaru sai ga bishiya. A yunwar 1984 aka haɗa dabarar da rabon abinci, da aka daina rabon da yawa suka sare nasu, amma waɗanda suka bari suka ga iska ta daina binne musu shuka, ga itacen girki, ga abincin dabba. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Abin da ya ƙarfafa ta shi ne sassaucin dokar daji, domin da can bishiya ta gwamnati ce, mai gona na tsoron ma'aikacin daji, don haka ba ya son ganinta a gonarsa. Da manomi ya tabbata itacen nasa ne, sai ya zama shi ne mai gadinsa. Binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam a shekarun 2000 ya nuna an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2018 aka ba Rinaudo wata babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin, tare da manomin nan na Burkina Faso, Yakuba Sawadogo.

Gawo shi ne sarkin wannan aiki, domin da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa shuka inuwa, saiwarsa kuma na ƙara wa ƙasa ƙarfi. Magabata sun san haka, tunda Sarkin Damagaram Tanimu ya kafa doka mai tsanani kan sare shi tun kafin zuwan Turawa. Ka tuna sharaɗin garma da na ce ka riƙe? Abin da aka koya mana tonewa a nan, shi ne ya zama jarin mutanen Maraɗi.

INA MUKA KWANA?

A ɓangarenmu ma an yi ƙoƙari. A 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, Tarayyar Turai ta fara tallafa wa aikin dashen itatuwa a arewacin jihar, wanda ya bar layukan bedi da ake gani har yau. Amma da Turai ta dakatar da agaji ga Nijeriya a ƙarshen 1995, bayan rataye Ken Saro-Wiwa, irin waɗannan ayyuka suka rasa mai shayar da su. Kayan aro ba ya rufe katara. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Koriyar Ganuwa, shingen itatuwa mai tsawon kusan kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti, Katsina na cikin jihohi 11 na Nijeriya da abin ya shafa. Burin shi ne gyara hekta miliyan 100 kafin 2030, amma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna miliyan 4 kacal aka gyara a kan layin. Su kansu masu shirin sun sauya tunani, daga jera dashe a layi zuwa irin abin da manoman Maraɗi suka yi. A Disamba 2021 Bankin Duniya ya sake amincewa da rancen dala miliyan 700 don gyaran ƙasa da ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Bashi ne, jikokinmu za su biya, don haka haƙƙinmu ne mu tambayi inda kowace naira ta shiga.

In ka jera baƙin nan tun daga 1902, za ka ga abu guda. Abin da ya dogara da kuɗin baƙo ya tafi tare da baƙon. Abin da manomi ya karɓa ya zama nasa, kamar garmar shanu da masara da sassaben zamani, shi ya zauna. Ban ce a kori baƙo ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma rabon ruwan Gada ko hanyar shanu daga Dakoro zuwa Ƙanƙara ba abin da mutum ɗaya zai iya daidaitawa ba ne, dole sai gwamnatoci sun zauna, ko suna ga-maciji. Amma tambayar da ya kamata mu riƙa yi wa kowane sabon shiri ita ce: ranar da motocinku suka tafi, me zai rage a gonar da za mu iya riƙewa da kanmu?

Mu a nan kudu mun daɗe muna ganin hamada matsalar mutanen Daura ce. To ga buhunan gawayi nan jere a bakin titin Funtuwa zuwa 'Yankara, ga zaizaya na cin gonaki, ga dam ɗin Mairuwa na karɓar ƙasar da ruwa ya kwaso daga tudu. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ni dai na yi shawara da ƙanena. Bana mun raba gonar biyu, rabi masara rabi waken suya, baɗi mu juya, tunda waken na ƙara wa ƙasa ƙarfi yana kuma rage ƙuduji. Mun hana yaran da ke mana sassabe taɓa tohon kalgo da marke da muka samu a gefen kunyoyi, na ɗaura wa kowanne jan tsumma, guda goma sha ɗaya. Mun kuma binne ƙwayar kalwa a wurare bakwai da Baffa ya nuna mana da sandarsa. Ya ce, “Ɗan nan, ba lallai ka ci daddawarta ba.” Na ce, “Baffa, ai wadda kuka ci ma ba ku kuka shuka ba.” Kututturen kiryar kuwa na ce a bar shi inda yake, mai garma ya riƙa kewaye shi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya kawo mana zaman lafiya a dazukanmu da gonakinmu. Wassalam.